Yaran ajina ba sa iya karatu, an ce in ba su maki: in ajiye allin ne?

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye a jihar Kano. Ina da NCE, shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa. Bana aka ba ni aji biyar, yara 94 a rajista, ko da yake ranar kasuwa da ƙyar rabinsu ke zuwa. Abin da ke hana ni barci shi ne, in na yi rubutu a allo za su kwafa tsaf, in na faɗa za su maimaita da ƙarfi, amma in na nuna wa yaro kalma ɗaya na ce karanta, sai ya sunkuyar da kai. Waɗanda ke iya karanta jimla ba su kai ashirin ba. Na kai wa hedimasta maganar, ya ce aikina shi ne in gama manhajar zango in cika takardun shirin darasi, don su ne masu duba makarantu ke tambaya, kuma in jarrabawa ta zo kada in kayar da yaro, in taimaka musu da maki. Abokan aikina kowa da nasa ra'ayin: wani ya ce laifin gwamnati ne, wani ya ce na iyaye, wani ya ce yaran yanzu daƙiƙai ne. Yayana yana da shago a Kantin Kwari, ya ce in bar wannan wahala in zo mu yi kasuwanci, tunda albashin ba ya kai mu ƙarshen wata, ga mata da 'ya'ya huɗu. Ina son koyarwa, amma na fara tambayar kaina ko albashin nan da nake ci halal ne. Me zan yi?

Malamin aji biyar

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam.

Bari in fara sauke maka kayan da suka fi danne ka. Mutumin da ke zuwa makaranta a kan lokaci, ya shiga ajinsa, ya yi iyakar abin da ya sani, ba haram yake ci ba. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. Kai kuwa an damƙa maka kusan ninki uku na haka, kuma yaran sun iso hannunka ne bayan sun yi shekara huɗu a hannun wasu. Allah ba ya ɗora wa rai sai abin da za ta iya. Ka ci albashinka hankali kwance. Inda nake ji maka tsoro shi ne wajen makin nan da aka ce ka taimaka da shi, kuma za mu zo kansa.

Shi kuma abokin aikinka da ya ce yaran daƙiƙai ne, ka ja shi ku je kasuwar garinku. Ku tsaya ku kalli yarinyar da ta kasa karanta kalma ɗaya a ajinka tana tallar gyaɗa. A miƙa mata dubu ɗaya a sayi ta ɗari uku da hamsin, ta ƙirgo canji ba ta ko tsaya tunani ba, tana kuma riƙe da lissafin masu bashi biyar a kanta. Wannan ba daƙiƙiya ba ce. Ruwa ba ya tsami banza, kuma abin da ya faru da yaran nan a fili yake. A aji ɗaya, lokacin da ya kamata a zauna da su a kan baƙi da wasali, an tara su jingim a ƙasa, aka rubuta A B C D aka ce su rera. Suka rera, suka haddace waƙar, amma ba wanda ya nuna musu cewa kowane harafi sauti ne da ake haɗa shi da wani ya zama magana. Shekara ta ƙare aka tura su aji biyu, daga nan aji uku, manhaja ta ci gaba da gudunta ba ta waiwaye su ba. Kwafar da kake gani suna yi tsaf, zane ne suke yi. Yau kana koya musu darasin da aka tsara wa mai iya karatu, cikin harshen da ba sa ji, don haka duk ranar da ka gama shafi ɗaya na manhaja, tazarar da ke tsakaninsu da ita ƙaruwa take yi.

A garinku akwai makarantar da ba ta yin wannan kuskure, kuma yaran nan naka suna zuwa cikinta. A makarantar allo ba a cewa duk 'yan shekara goma su buɗe shafi kaza. Kowane yaro da allonsa. Wani yana babbaƙu, wani ya shiga farfaru, wani ya yi nisa, duk a zaure ɗaya. Ba a wanke allo sai yaro ya biya, kuma wanda ya yi gaba shi ke biya wa na baya. Akwai abubuwan gyara a wancan tsari, ba na musu, amma wannan ɗaya kakanninmu sun riga sun gane shi: ana ɗaukar yaro ne daga inda yake tsaye.

Masu binciken ilimi sun zo sun tarar da wannan ta wata hanyar. A Indiya, wata ƙungiya mai suna Pratham ta ga irin abin da ka gani, yara a manyan azuzuwan firamare ba sa iya karanta littafin aji biyu, sai ta fara ware su gwargwadon abin da suka iya maimakon shekarunsu ko ajinsu. Masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka samu kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka bi diddigin wannan aiki suka ga yana haifar da ɗa mai ido. Ana kiransa TaRL a taƙaice, wato koyar da yaro daidai matakin da yake. Ba baƙo ba ne a jiharku ma: shirin KaLMA ya yi amfani da shi ga 'yan aji huɗu zuwa shida a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa. Na kawo maka wannan ne don ka san cewa abin da zan ce ka yi ba shaci-faɗi ba ne, kuma in an tambaye ka daga ina ka samo, kana da amsa.

Abu na farko, ka san inda kowane yaro yake, da sunansa. "Ba su kai ashirin ba" kintace ne, kuma ba a gyara da kintace. Ka samu takarda guda. Ka rubuta haruffa goma a warwatse, ba a jere ba. Ƙarƙashinsu kalmomin Hausa goma masu sauƙi, irin su rana, gida, tuwo, keke. Sai gajerun jimloli huɗu, sai ɗan labari na layi bakwai ko takwas da tambayoyi biyu a kansa. Kada ka sa abin da ka taɓa rubutawa a allo, don sun iya hadda. Ka riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya, gefe, ba a gaban aji ba, babu bulala a hannunka, ka gaya wa yaro wannan ba jarrabawa ba ce. Ka fara masa da jimlolin. In ya karanta, ka hau da shi kan labari. In ya kasa, ka sauko kalmomi, in su ma sun gagara, ka sauko haruffa. Minti uku zuwa huɗu ya ishi kowane yaro. In kana yin sha biyar ko ashirin a rana, lokacin tara da bayan tashi, cikin mako guda ka gama. Za ka fito da sunaye a gida biyar: wanda bai san harafi ba, mai harafi, mai kalma, mai jimla, mai labari. Ka adana wannan takarda da kyau, ita ce makaminka a duk inda za ka je da maganar nan.

Daga nan sai ka ware awa ɗaya kowace rana, da safe in zai yiwu, kafin yunwa da zafin rana su karya su. A wannan awa babu manhajar aji biyar. Ka raba su rukuni uku, ka haɗa gida biyun farko wuri ɗaya, masu kalma wuri ɗaya, masu jimla da labari wuri ɗaya. In ajin ya yi muku kaɗan, gindin darbejiya ma aji ne. Ka kula da sunan da za ka ba rukunan. Yaro ɗan shekara goma sha biyu ya san kunya, kuma in aka fara kiran rukuninsa na marasa ƙoƙari, gobe ba za ka gan shi ba. Ka sa musu sunan launi ko na garuruwa.

Rukunin farko su ne suka fi bukatarka, kuma kayan aikinsu ba sa bukatar kuɗi. Ka roƙi mai shago kwalayen taliya ko na madara, ka yanyanka su kamar faɗin tafin hannu. Kada ka fara daga A zuwa Z. Ka ɗauki haruffa huɗu kawai: a, m, n, k. Ka ɗaga m ka furta sautinsa da leɓe a rufe, ka bar sunansa na Turanci tukuna. Ka tambaye su wace kalma ce ke farawa da wannan sauti. Za ka ji masara, mota, mangwaro, Musa, har sai ka tsayar da su. In sun kama sautukan, ka haɗa su gaɓa-gaɓa a kan wasu kwalayen: ma, na, ka. Sai ka ajiye na a ƙasa, ka ajiye ma kusa da shi, ka kira yaro. Zai ce na, ya yi shiru, ya ce ma, ya sake maimaitawa da ɗan sauri, sai ka ga ya ɗago kai ya dube ka ya ce nama. Shekara huɗu yana zana waɗannan haruffa, yau ne suka fara yi masa magana. Ka juya kwalayen ya ga mana. Ka sa ka a gaba ya ga kama, ka ninka ka ya ga kaka. Da haruffa huɗu ya karanta kalmomi huɗu da ya sani tun yana goye. Kowane kwana biyu ko uku ka ƙara harafi, ka riƙa sa su rubuta abin da suka haɗa, a littafi ko a ƙasa da tsinke. Masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ka ba su lokacinsu, yaro ya ji bambancin kafa da ƙafa da kunnensa kafin ya gani da idonsa. Su sh da ts da ky da gw sai daga baya.

Masu kalma kuwa jimla suke bukata, kuma mafi daɗinta ita ce wadda ta fito daga bakinsu. Ka tambaye su me ya faru a kasuwa jiya. Abin da suka faɗa ka rubuta yadda suka faɗe shi, ku karanta tare kana bin kalmomin da yatsa, sannan ka yanka jimlar kalma-kalma ka hargitsa su mayar da ita. Rukuni na uku ka nemo musu duk abin karantawa na Hausa da hannunka ya kai gare shi, su karanta, su ba da labarin da bakinsu, su rubuta nasu. An buga littattafan koyon karatun Hausa masu kyau a shirin Mu Karanta na jihohin Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA na Katsina da Zamfara. Ka yi cigiya wajen abokai da ofishin ilimi na ƙaramar hukumarku, wani lokaci irin waɗannan kaya suna kulle a kabad ba wanda ya tambaya. Waɗannan 'yan rukuni na uku su ne mataimakanka. Ka ba kowannensu yara huɗu ko biyar ya biya musu, 'yan mata su riƙe 'yan mata, don yarinyar da ta fara girma ba za ta yarda ta yi kuskure a gaban namiji ba. Sai dai kada ka mai da su malamai kullum. Kwana biyu a mako ya isa, su ma suna da haƙƙin ci gaba.

Bayan mako shida ka sake gwada su da sabuwar takarda, wanda ya motsa ka ɗaga shi. Lissafi ma haka za ka yi masa, da tsinken tsintsiya ana ɗaure goma-goma, da kuɗi, tunda a nan suka fi ƙarfi.

Za a ce maka ai jarrabawa da Turanci ake yi, me ya kai ka Hausa a aji biyar? Maganar harshen koyarwa ta daɗe ana kai da komo a kanta. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara da harshen uwa ko na yankin a farkon firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a kai shi har aji shida, sannan a Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta tarayya ta sanar da janye wannan. Tun a 1970 kuwa Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida na firamare a Ife, kuma yaran ba su koma baya a Turanci ba. Ni ina tare da Fafunwa. Amma ko ba ka shiga wannan muhawara ba, Hausa darasi ce a jadawalinka, ba wanda zai tuhume ka don ka koyar da ita da kyau. Dalilin farawa da ita kuwa mai sauƙi ne. Hausa yadda aka rubuta haka ake karantawa, kuma yaro ya san ma'anar abin da ya furta, don haka nan take yake gane ya yi daidai ko ya kauce. Sau ɗaya mutum ke koyon dabarar haɗa harafi ya zama kalma. In ya same ta a Hausa, da ita zai shiga Turanci, tunda haruffan kusan ɗaya ne. Ka ci gaba da yi musu Turancin baka kowace rana, gaisuwa, sunayen abubuwa, gajerun tambayoyi, don in sun zo karanta shi su tarar da kalmomin da kunnensu ya sani.

Hedimasta kuma kada ka ɗauke shi abokin gaba. Shi ma akwai masu tambayarsa, kuma takarda suke tambaya. A karon farko ka je masa da kuka, shi ya sa ya ba ka amsar da ake ba mai kuka. Wannan karon ka je da sunaye. Ka same shi shi kaɗai, ba a gaban malamai ba, ka ce, ranka ya daɗe, ga abin da na samu, ina roƙon ka zaɓi yara uku da kanka ka gwada su da wannan takarda. Sannan ka nemi abu ƙarami mai iyaka: awa ɗaya a rana, zango ɗaya, tare da alƙawarin takardun darasinka za su cika kamar yadda ya saba gani. In abin ya yi kyau, ka bar shi ya kai labarin gaban sakataren ilimi da sunan makarantarsa, ba abin da zai rage maka. In ya ƙi, lokutan Hausa da na karatun Turanci naka ne, ka yi a cikinsu. In kuwa ya yarda, ka nemi malamin aji huɗu da na aji shida. Ku uku ku gwada duk yaranku, a wannan awa kowane malami ya ɗauki rukuni ɗaya. Da haka kowa yana fuskantar yara masu bukata iri ɗaya, kuma nan ne aikin ke yin sauƙi ƙwarai.

Yanzu maki. A nan ba ni da sassauci. Rubuta 65 ga yaron da ka san bai iya karanta tambayar ba shaidar zur ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Ka tuna wanda ake yi wa ha'incin. Uba ne da bai yi boko ba, ya sayar da kwanon gero ya ɗinka yunifom, aka kawo masa kati ya ba wani ya karanta masa, aka ce ɗanka ya ci, ya yi hamdala. Ba zai san gaskiya ba sai yaron ya kai ƙarshen sakandare, lokacin da za a zo masa da maganar kuɗin da za a biya a rubuta wa ɗansa amsa. Satar jarrabawar da muke kuka da ita a WAEC da NECO daga irin wannan taimako na aji biyar take tsirowa.

Amma ka bambanta abu biyu. Wucewa aji na gaba ba a hannunka take ba, kuma ni ma ba na cewa a maimaita wa yara saba'in aji biyar. In aka maimaita musu da irin koyarwar da ta riga ta gaza, ba abin da zai canja, sai dai iyaye su janye su, musamman 'yan mata. Abin da ke hannunka shi ne abin da alƙalaminka ya rubuta. Akwai makin gwaje-gwajen cikin zango, wanda doka ta ba ka. Yaron da ya tashi daga rashin sanin harafi ya kai karanta kalma ya yi aiki na gaske, ka ba shi makinsa a kan wannan da zuciya ɗaya. Jarrabawar da kai ke tsarawa ka sa mata tambayoyi daga abin da suka koya da gaske, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. A gurbin bayanin malami kuma ka rubuta gaskiya da lafazi mai kyau: yana karanta kalmomi, yana bukatar taimako a jimla. In wani ya canja makin bayan ya bar hannunka, ka riƙe kwafinka, alhakin yana wuyansa, ba sai ka yi rigima a bainar jama'a ba.

Iyaye ba sa raina ilimi, abin da ba su ga amfaninsa ba suke rainawa, kuma shekaru sun nuna musu yara suna gama aji shida ba sa iya karanta wasiƙa. Makarantarku tana da kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta, ko da a takarda ne, kuma a cikinsa akwai mai unguwa ko wakilinsa da malaman addini da wakilan mata. Bayan gwaji na biyu, ka roƙi hedimasta ya kira su. Kada ka yi dogon jawabi. Ka kawo yaron da kowa ya san bai iya ba, ka miƙa wa mahaifinsa alli ya faɗi kalma a rubuta, yaron ya karanta. Daga nan sai ka yi roƙonka, shi ma ƙarami: ranar kasuwa a bar yara su zo awar farko, sannan su tafi. Maganar talla kuwa a hannun iyaye mata take, kuma sau da yawa da ita ake tara kayan ɗakin yarinyar, don haka wa'azi daga bakin namiji a filin makaranta ba ya isa inda ake yanke hukuncin. Ka nemi malama ko wakiliyar mata ta shiga gidajen.

Abokin aikinka da ya ɗora laifi a kan gwamnati yana da gaskiya mai yawa. Dokar UBE ta 2004 ta ce ilimin shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya dominsa, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓa, kuma an sha ganin kuɗin yana kwance jihohi ba su ɗauka ba. Jiharku ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024, wanda ke nuna su ma na sama sun san akwai ciwo. Gini da kujeru abin so ne. Sai dai in da za a tambaye ni abin da malamai za su matsa a kai ta bakin ƙungiyarsu ta NUT, bayan albashi da ƙarin girma a kan lokaci, zan ce a daina tura malami mafi rauni aji ɗaya da aji biyu kamar wurin horo, a kai gwanaye can. Zan kuma ce mai duba makaranta in ya zo ya kira yara biyar ya ba su abin karantawa kafin ya buɗe takardar kowane malami. Ranar da aka fara tambayar hedimasta yara nawa ke karatu a makarantarsa, ba zai ƙara ce maka ka gama manhaja kawai ba.

Laifi tudu ne dai, kuma masu riƙe alli suna tsaye a kan nasu. A 2017 gwamnatin Kaduna ta gwada malaman firamare kusan 33,000 da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa samun makin da aka gindaya. An yi ta jayayya a kan yadda aka yi gwajin da korar da ta biyo baya, amma abin ya tona wani rami: ana ba mutum takardar NCE a tarihi ko tattalin arziki, a tura shi firamare, ba a taɓa nuna masa yadda ake koya wa yaro haɗa baƙi ba. Shi ya sa tsofaffin malamai har gobe suke begen makarantun horon malamai na Grade II. Wannan giɓi ana iya cike shi, kuma zaman da kuke yi kuna rarraba laifi, in kuka mai da rabin awarsa a mako wajen gwada wa juna darasi, zai fi muku amfani.

Saura shagon Yaya. Ba zan ce maka koyarwa sadaukarwa ce ka haƙura da yunwa ba. Ciyar da iyalinka wajibi ne a kanka, kasuwanci kuma sana'a ce mai albarka, wanda ya koma can bai ci amanar kowa ba. Abin da nake jan kunnenka a kai shi ne yanke hukunci cikin ɓacin rai. A wasiƙarka na ga abu biyu sun cakuɗe, ƙarancin albashi da jin cewa aikinka ba ya haifar da komai. Na biyun yana iya canjawa cikin zango ɗaya, kuma sai ya canja za ka iya auna na farkon da idon basira. Don haka ka ba kanka zuwa ƙarshen wannan shekarar karatu. A dogon hutu ka je ka zauna da Yaya a shagon, ka ga cinikin da idonka, ku yi magana a fili: albashi zai ba ka ko kaso, nawa ne, ina za ka ajiye iyali a birni, nawa ne haya. Zumunci ya fi daɗewa in an faɗi waɗannan tun farko. Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka tambayi ofishinku abin da zai faru da haƙƙinka na shekara goma sha ɗaya, da ko ana ba da hutu ba albashi. Ka kuma sani cewa ƙa'idar ɗa'ar ma'aikata da ke cikin kundin tsarin mulki ta hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci, amma ta bar masa noma. Kana ƙauye, makaranta tana tashi da rana, gona da kiwon tumaki ko kaji suna iya toshe wata ƙofar, kuma in Yaya yana son taimaka maka, jarin kiwo ma taimako ne.

Hanya ɗaya ce nake roƙonka kada ka bi, wadda da yawa suka bi: suna a rajistar albashi, jiki a kasuwa, ana leƙowa sau ɗaya a mako ko a tura wani yaro ya tsaya wa aji. A nan ne tambayarka ta halal da haram za ta zama ta gaske. In ka zauna, ka zauna gaba ɗaya. In kuma ka auna ka ga tafiya ce ta fi maka, ka tafi a ƙarshen shekara, ba a tsakiyar zango ba, ka zauna da malamin da zai karɓi yaran a aji shida, ka ba shi takardar sunayen da kwalayen, ka nuna masa inda kowane yaro ya tsaya da harafin da zai ɗora masa.